Akwatin NAS mai faifai biyu: na'urar ta yi, faifan da aka haɗa min su ne matsalar

Na sayi akwatin NAS ɗin nan ne, wato na'urar ajiyar fayiloli da ake haɗawa da rautar gida, don na gaji da yawo da filasha daga ɗaki zuwa ɗaki. Bidiyon bukukuwan gida, tafsirin da Hajiya ke saurare, katun na yara, duk ina so su zauna wuri ɗaya kowa ya buɗe a wayarsa ko a talabijin. Mai shagon ya haɗa min da faifai biyu masu 4TB kowanne, ya rantse na NAS ne. Na sa su a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka ajiye yana shiga duka biyun, shi ya sa 4TB ɗin kawai kake mora, a allo ma wajen 3.6 yake nunawa.

Gab da Sallah aka ɗauke wuta ina tsakiyar kwafar bidiyon auren ƙanwata, batirin inbata kuma ya yi ƙasa. Da wuta ta dawo sai akwatin ya kama ƙara, ya nuna faifai ɗaya ya fita daga haɗin. Na danna gyara, na ɗauka kafin safiya an gama. Ina! Da farko ya yi gudu, can sai ya koma rarrafe. Ranar Sallah falo cike da 'yan uwa, Hajiya ta ce a sa mata bidiyon auren, hoto ya riƙa tsayawa yana juyawa saboda faifan suna can suna fama da gyaran. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na bincika lambar faifan sai na ga ashe SMR ne. A irin wannan, layukan rubutu suna hawa kan juna kamar kwanon rufi, kafin a gyara layi ɗaya sai an sake rubuta na kusa da shi. Ajiyar hoto jefi-jefi ba ta damunsa, amma dogon rubutu ba tsayawa, irin na sake gina RAID, yana durƙusar da shi. Tun 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan sayar da SMR da sunan faifan NAS, amma ga shi har yanzu ana turo mana su. CMR ya kamata a ba ni, wato irin wanda layukansa ba sa hawa kan juna. Da na koma shagon, abin da ya iya ce min shi ne, "Alhaji, ai faifai faifai ne."

Shi akwatin kansa ba zan zalunce shi ba. Da gyaran ya kammala, ko hoto ɗaya bai ɓata ba. Na ɗora masa Jellyfin, manhajar kallon bidiyo, kyauta ce, kuma processor ɗin Intel Celeron J4125 da ke cikinsa yana sauya bidiyo mai nauyi ya dace da tsohuwar wayar Hajiya ba tare da tangarɗa ba. Abin da ya fi yi min daɗi, kallo a cikin gida ba ya cin data ko kaɗan, rauta kawai yake bi. Yara na katun a ɗaki, ni ina nawa a falo.

Sai dai fa duk ranar da zafin Kano ya haura 40, fankarsa ba ta yin shiru, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska. Kuma babu wanda ya ce min uffan game da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, alhali ƙarami ma ya isa: ka haɗa shi da akwatin ta USB, batir na yin ƙasa akwatin ya kashe kansa lafiya. Yanzu na saya, na kuma canza faifai ɗaya zuwa CMR da kuɗin aljihuna, don mai shagon ya ƙi karɓar nasa. Ɗayan yana nan a ciki sai na samu hali, kuma a wani shagon zan saya.