Shu da ganyen Habasha: shaidar cibiya ko ta kloroplas?

Ƙanena, ka ce a aji an koya muku cewa shu, wato kabeji, yana cikin iyayen ganyen Habasha da masana ke kira Brassica carinata, sai kuma ka ga zanen dangantaka da aka yi da DNA (kundin gadon halitta) ɗin kloroplas, an raba su nesa, an ajiye ganyen Habasha kusa da baƙin mustad. Kana tambaya wa ya yi kuskure. Babu wanda ya yi. Shaidu biyu ne, kowanne da abin da ya gani.

Ka samu kan shu daga lambunan Miriya ka ɓare shi. Ganyen waje kore shar, na can ciki fari-fari saboda rana ba ta kai masa. Koren nan aikin kloroplas ne, 'yan ƙananan ɗakuna a cikin ƙwayar halitta da ke haɗa wa shuka abinci da hasken rana. Suna da DNA nasu, dabam da wanda ke cibiyar ƙwayar, domin asalinsu bakteriya ce da ta shiga cikin wata ƙwaya fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce, ta zauna daram.

DNA ɗin cibiya shi ne babba. A shu ya kai haruffa wajen miliyan 600, a cikin ƙullin DNA da ake kira kuromosom, guda 9 bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma duk haihuwa sai ya cakuɗu. Da ƙirgar kuromosom ɗin nan ne masanin nan ɗan asalin Koriya, Woo Jang-choon, ya fito da lissafinsa a 1935 yana aiki a Japan: shu 9, baƙin mustad 8, ganyen Habasha 17. Brassica rapa, dangin shun Sin, tana da 10. Ta haɗu da baƙin mustad ta ba da mustad ɗin Indiya mai 18, ta haɗu da shu ta ba da kolza (shukar da ake matse mai daga irinta) mai 19. Malaminku a nan ya tsaya, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan lissafin bai gaya maka wa ya ba da ƙurar fure, wa ya ɗauki iri ba.

Na kloroplas ɗan mitsitsi ne, haruffa kusan 153,000, kuma a wannan dangi ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Ƙurar furen uba ba ta kawo shi. Ba ya cakuɗuwa, sauyawarsa a hankali take. Kamar ka bi asalin mutum ta uwarsa, da kakarsa, da uwar kakarsa, ba ka taɓa waiwayar gidan uba ba. A 1983 Jeffrey Palmer da abokan aikinsa suka gwada kloroplas ɗin waɗannan tsirrai, suka ga na ganyen Habasha irin na baƙin mustad ne, na mustad ɗin Indiya kuma irin na rapa. Ke nan baƙin mustad ne uwa, shu uba ne. Shi ya sa ba ka gan shi kusa da ɗansa a zanen ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne radi, ɗan saiwar nan mai yaji-yaji da ake ci ɗanye: a wannan ma'auni ya fi kusa da shu fiye da baƙin mustad, alhali shu da baƙin mustad ne ke ɗauke da sunan Brassica, ba radi ba. Salati kuwa, duk da a kan tebur ɗaya ake kasa su a Kasuwar Dole, ba ya cikin gidan kwata-kwata.

A ganina, in tambayarka asalin jinsi ce, ko wa ta zama uwa, ka kama kloroplas. In kuwa damuwarka wane iri ne zai dunƙule kai da kyau, ya jure in zafin Afrilu ya kawo jiki a Damagaram, to kloroplas ba zai yi maka amfani sosai ba, domin na shu da na farin kabeji da na burokoli kusan ɗaya ne. Bambancinsu yana cibiya.

Kada ka raina shi dai. A 1968 wani masani ɗan Japan, Ogura, ya gano radi da ba ya fitar da ƙurar fure mai aiki, halin da masu haɗa irin F1, wato 'ya'yan fari na auren iri biyu, ke nema ruwa a jallo. Da aka kai halin cikin kolza da shu, kloroplas ɗin radi ya biyo, bai jitu da sabuwar cibiyar ba, ganye ya riƙa yin rawaya da an yi sanyi. Sai da masu bincike a Faransa suka musanya shi da na kolza a 1983 kafin abin ya daidaita, daga baya aka yi wa shu irin wannan gyaran.