Gwajin tiroponin iri biyu da aka yi wa Baba: wanne ya yi mana amfani?

Idan ka kai mai ciwon ƙirji asibiti aka ce za a yi masa gwajin tiroponin, ka tambaya wane iri, domin biyu ne, kuma duka an yi wa mahaifinmu a nan Kano. Tiroponin sinadari ne da ke cikin tsokar zuciya. Idan jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, tsokar ta fara lalacewa, sai ya tsiyayo cikin jini.

Baba yana da suga da hawan jini. Ciwon ya kama shi bayan sallar asuba, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, yana dafe da ƙirji yana cewa olsa ce ta tashi. A wani ƙaramin asibitin unguwa aka yi masa na tsinke, irin yadda ake gwajin maleriya: a ɗiga jini, a ɗan jira, layi ɗaya ko biyu. Ɗaya ya fito, wato bai nuna komai ba. Gaskiya yana da sauri da sauƙin kuɗi, kuma inda babu na'ura ya fi babu. Amma tiroponin yakan ɗauki awa 3 zuwa 6 kafin ya taru yadda tsinke zai gan shi, mu kuwa da wuri muka je. Ba wanda ya yi mana wannan bayani, sallamarmu kawai aka yi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Yayarmu, ma'aikaciyar jinya, ita ta ce sam ba za a koma gida ba.

A babban asibiti ECG aka fara yi, wato gwajin bugun zuciya da ake liƙa wayoyi a ƙirji, sannan aka ɗebi jini a kwalba aka kai na'ura. Shi wannan gwajin lamba yake bayarwa, aka kuma maimaita bayan awa 3. Ta biyun ta haura ta farko nesa ba kusa ba. Likitan ya ce, "Alhaji, tashin da ta yi shi ne abin dubawa." Ya ƙara da cewa mai ciwon ƙoda ma kan nuna tiroponin a sama, amma nasa a tsaye yake. Wannan gwajin ne ya sa aka kwantar da Baba aka fara magani a ranar, kuma ko kwabo ban yi da-na-sanin kashewa ba.

An haɗa mana da gwajin CK-MB, wani sinadarin da shi ma kan fito cikin jini idan tsokar zuciya ta lalace, amma a ganina ƙarin kuɗi ne kawai. Akwai shi a sauran tsokar jiki, kuma yana sauka cikin kwana 2 zuwa 3, alhali tiroponin kan kai kwana 10 ko fiye. Tun shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka sa tiroponin a gaba.

Inda babban asibitin ya gaza shi ne wajen biyan kuɗi. Kowane ɗiban jini sai an bi layi an kawo rasit, Baba na kwance yana nishi. Mai ciwon ƙirji kamata ya yi a ɗebi jininsa tukuna, kuɗi ya biyo baya.