Bas ko Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa: Wanne Ya Fi Dacewa da Ƙananan Yara?

'Yar'uwa, kin ce ke da maigida za ku yi mako uku a wani babban birni tare da ɗan shekara biyu da 'yar shekara biyar, kuma kina son sanin wanda za ku dogara da shi wajen zagaya gari tsakanin motar bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na taɓa yin irin wannan tafiya da yara masu kusan waɗannan shekaru, kuma shawarata ita ce ku riƙi bas a matsayin abin hawanku na kullum, jirgi kuwa ku bar shi sai ranar da wurin zuwa ya yi nisa.

Ta fuskar sauri babu gardama jirgi ne a gaba, domin ba ruwansa da cunkoson motoci. Sai dai mintocin da manhajar taswira ke nunawa lissafi ne na babban mutum wanda hannunsa ke sake, ba a sa matakala da keken tura yaro a ciki ba. Jirgin Landan ya fara aiki a 1863, na Faris kuma a 1900, zamanin da ba a tanadi hanya ga mai tura keke ba. Har yau kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshin Landan ake iya kaiwa bakin jirgi ba tare da taka matakala ba, a Faris kuwa layi na 14 ne aka sani da lif, wato na'urar hawa da sauka, a kowace tasha. Sababbin layuka daban suke: na Dubai, wanda aka buɗe a 2009, yana da lif a tashoshinsa da sashen da aka keɓe wa mata da yara. Saboda haka ki fara binciken shekarun jirgin birnin da za ku je.

Ba na manta wata la'asar da muka sauka a wata tasha mai zurfi, ƙaramin ya yi barci a kafaɗata, ina jan keken a naɗe da hannu ɗaya, yayarsa kuma ta riƙe gefen rigata tana kuka saboda ƙarar jirgin ta firgita ta, ga jama'a na turo mu ta baya. Mintoci goman da muka yi tsammanin mun rage, a kan matakalar nan suka ƙare.

Bas kuwa a bakin titi yake tsayawa, kuma a manyan birane da yawa ƙasansa a sauke yake, ta yadda za a tura keke ciki yaro na kwance. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace rana har da na rana, kuma wanda aka tashe shi a tsakiyar barcinsa kowa sai ya ji a jikinsa har dare. Ga kuma taga. A cikin rami yaro duhu kawai yake gani, amma a bas hanyar kanta yawon buɗe ido ce; 'yata ta fi tuna gadojin da ta ƙirga goshinta manne da gilashi fiye da gidan tarihin da muka je dominsa. Idan kuma aka ce fitsari ya matso, tasha ta gaba ba ta da nisa.

Bas ma yana da nasa. Yakan maƙale a cunkoso, birkinsa na iya ka da yaron da ke tsaye, wasu yara kuma jiri yake sa su. Wurin ajiye keke ƙanƙane ne, kuma a Landan mai keken guragu ne ke da fifiko a kansa, don haka za a iya neman ki naɗe naki. Da sassafe da lokacin tashi daga aiki kuwa, duka biyun a cike suke maƙil, gara ku fita da hantsi ku dawo kafin yamma ta yi.

Ranar da jirgi ya zama dole, babba ɗaya ya fara shiga, ɗayan ya shigo a ƙarshe, yara a tsakiya, saboda ƙofofinsa da kansu suke rufewa. Ki sa wa babbar takarda mai lambar wayarku a aljihu, ki kuma koya mata tun a masauki cewa idan ƙofa ta raba ku, ta matsa nesa da bakin layi ta tsaya a wurin, ta nuna takardar ga ma'aikacin tasha har ku dawo.