Kujerun bokiti ko na BMW na asali? Amsa ga mai 328i

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka tambaya wace kujera za ka ɗaura a BMW 328i ɗinka mai buɗe sama: bokiti, wato kujerun 'yan tsere masu zurfi da dogayen gefuna, ko na BMW na asali. Ka bar bokitin nan inda ka gan su. Tsakaninsu da kujerun sifot na BMW 'yan Beljiyam da ka ce an yi maka tayi, ɗauki na BMW, ka kai wa mai ɗinki ya gyara maka su. Duka biyun na taɓa sa kuɗina na saya na ɗaura a tawa, 325i ce ƙirar 1994, ita ma E36 (lambar da BMW ta ba wannan ƙirar) mai buɗe sama kamar taka, don haka ba ji na yi a bakin wani ba.

Nawa na BMW a Kofar Ruwa na tsince su, a ƙuryar wani shago, an jingine su da bango an jibga musu tulin fitilu a kai. Daga jikin wata mai ƙofa biyu aka ciro su. Gefen hagu na kujerar direba ya yage, wurin da kowa ke gogawa in zai shiga, kuma da wuya ka ga kujerar E36 da wannan gefen nata bai ci ba, motar da aka daina ƙera buɗaɗɗiyarta tun 1999. Na kai wa wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota. Da ya yaye rigar sai ga soson gefen yana zubewa kamar garin kwaki. Ya ce in ba shi mako biyu, ya yi uku, amma da na ga aikin na yafe masa. Soso mai tauri ya yanka ya cike gefen, ya shimfiɗa mai taushi a sama, ya bi ɗinkin asali layi-layi. Ranar ɗaurawa kuwa wuri huɗu ne kawai ake kwancewa a kowace kujera, da sifana mai lamba 16. Ba huji, ba walda, ba a kira kowa ba. Bayan azahar muka fara, kafin kiran la'asar har mun wanke hannu.

Watan da ya biyo baya muka tafi ɗaurin aure Jos da Baba. Shi fa bai taɓa ƙaunar motar nan ba, motar 'yan wasa yake ce mata, ga shi da ciwon baya na shekara da shekaru. Dole ce ta sa ya shiga don tasa tana gareji. Na ɗan kwantar masa da majinginar, na jawo masa ɗan harshen nan na gaban kujera da ke tallafe cinya, wanda kujerun E36 na gama-gari ba su da shi. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora ya yi barci. Muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Saminaka, sai da hanya ta fara murɗe-murɗe a hawan Jos sannan ya farka, ya ce wai har mun zo? Da muka dawo gida bai yabi motar ba, ba halinsa ba ne, amma ya tambaye ni ko irin kujerar za ta shiga tasa.

Bokiti kuma, to, ba ta da nauyi kuma tana riƙe mutum a kwana, wannan ba zan hana ta ba. Ta faiba ba ta wuce kilo 7 zuwa 9, alhali ta BMW ta haura kilo 20. In kana da filin tsere a bayan gidanku, bismillah. Ni wata huɗu na yi da su, kuma ban taɓa zuwa masallacin Juma'a da babbar riga a cikin watannin nan ba tare da na yi kokawa da kujera a bakin ƙofa ba. Gefenta yana da tsayi, sai ka ɗaga ɗuwawu ka tsallake shi, in kuma rumfar motar a rufe take ga hula tana bugun ƙarfe. Ba ta kwanciya, ba ta naɗewa gaba. Ka tuna ƙofa biyu gare ka. Ranar da ka ɗaura bokiti ka rufe hanyar kujerun baya, sai dai yara su riƙa haurawa ta saman bodi in an buɗe rumfa, suna goge maka fenti da takalma. Soson cikinta kuwa bai fi kaurin tafin hannu ba, kowane rami da kowane tudun rage gudu na cikin gari sai ka ji shi a ƙashin bayanka.

Duk wannan wahala ce kawai, mai son abu yakan jure. Abin da ya sa na ciro su daban ne, maganar bel ce. A E36 makullin da ake soka bel a ciki a jikin kujera yake, ba a daɓen mota ba, kuma tare yake da wata na'ura da ke fizge bel ta ɗaure ka tamau a daidai lokacin karo. A motocin farko-farko ta sifirin ce, a na baya-baya kuma ɗan harsashi ne mai waya da ke haɗe da kwamfutar iyabag, jakar iskar nan da ke kumbura lokacin karo. Kujerar fasinja a na baya-bayan tana da wani siririn sensa a cikin soso mai gane ko akwai mutum a zaune. In ka jefar da kujerar asali, duk waɗannan ka jefar. Fitilar iyabag za ta kama a dashbod, rewaya zai ce maka abu ne mai sauƙi, ya sa ɗan rizisto ya yaudari kwamfuta, a goge laifin fitila ta mutu. Fitilar ce ta mutu, na'urar da za ta fizge bel ɗin tana can a sito. Sannan a bokiti, in ba a zura bel ta hujin gefe ba, bel ɗin cinya yana bi ta saman gefunan ne ya bar rata, maimakon ya kwanta a kan ƙashin ƙugu. In aka yi karo cikinka zai kama.

Daga nan ne mai sayarwa zai ce ai shi ya sa ake haɗawa da bel mai hannu huɗu, koren nan ko ja mai faɗi irin na 'yan tsere. A buɗaɗɗiyar mota wannan ya fi komai ba ni tsoro. Motar tsere tana da kejin ƙarfe a kewaye da direba, direban kuma da hular kwano a kansa, shi ya sa ake ɗaure shi a miƙe ƙyam. Taka ba ta da rufi. Abin da ke tsakaninka da kwalta in ta kife, Allah ya kiyaye, shi ne firam ɗin gilashin gaba, sai wasu ƙarafa biyu da ke fitowa da kansu daga bayan kujerun baya, su ma ba kowace E36 aka sa wa ba. Da bel na asali jiki yana iya karkacewa gefe ya dusa. Da bokiti da hannu huɗu an kafe ka a zaune, kanka ne gini mafi tsawo a motar. Turawan da ke shiga filin tsere da buɗaɗɗun motoci suna da wani gwaji: a ɗora doguwar sanda daga saman gilashin gaba zuwa ƙarfen kariya na baya, in kan direba da hularsa ya taɓo sandar ba a barin sa ya shiga. Ka nemi gora ka gwada a taka. Ƙari a kan haka, yawancin masu ɗaura wannan bel a wajenmu a daɓen mota suke ɗaure hannayen kafaɗa, can ƙasa bayan kujera. Ƙa'idarsa ya tafi baya kusan a miƙe daga kafaɗa. In ya gangara ƙasa sosai, ranar karo danna ka zai yi ya matse ƙashin baya.

Ban ma zo kan biraket ba, ƙarfen da ke haɗa kujera da daɓen mota. Bokiti ba ta hawa ramukan notin E36 kai tsaye, sai da gindin da aka ƙera don wannan motar. Ni ban samu ba, na je wurin mai walda ya haɗa mini da falan ƙarfe irin na ƙofar shago. Kujerar ta zauna a karkace, sitiyari yana gefe ina gefe, na yi ta tuƙi kamar mai leƙen wani abu. Wata rana na taka birki da ƙarfi saboda ɗan adaidaita, sai na ji ƙas a ƙarƙashina, walda ɗaya ta saki. Ko kujerar BMW za ka ɗaura, ka duba kan kowane noti ka ga lamba 8.8 ko 10.9 a rubuce. Wanda ba lamba na kafinta ne.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka: bokitin da aka nuna maka mai rubutun Bride, ina kyautata zaton ba Bride ba ce. Nawa ma haka aka rubuta musu, kuma kamfanin na Japan bai san da zamansu ba. Ta gaskiya guda ɗaya, sabuwa, takan kai kusan dala 1,000 kafin a zo maganar jigila da kwastan. Wanda ya ba ka biyu har da bel kyauta a kuɗin da bai kai na ɗaya ba, ka san araha ba ta ado. Kujerar tsere ta gaske tana da takardar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, manne a gefenta, da lambar ƙa'ida irin 8855-1999, da shekarar da wa'adinta zai ƙare, don mai wannan lambar shekara 5 ake ba ta a gasa. Masu jabu ma yanzu suna buga takardar, saboda haka kada ka tsaya nan. Cire soson ka kalli faibar, ka sa gwiwa a mazauni ka ja kafaɗun kujerar da hannu biyu. Nawa lanƙwasa suke kamar bahon wanki. Wanda ya sayar mini ya rantse daga jikin motar tsere aka ciro su a Dubai, bayan kwana uku lambarsa ta daina shiga.

Su ma masu 'yan Beljiyam ba waliyyai ba ne. Abu na farko, ka ja hannun da ke gefen majingina ka ga ta naɗe gaba. Kujerun salun mai ƙofa huɗu suna hawa ramukan, amma ba sa naɗewa, kuma akwai mai sayar maka da su yana kallon idonka. Ka kifa kowace ɗaya ka duba rel, in ka ga tsatsa da busasshen laka ruwa ta sha. Ka gwada tsawon makullan bel biyun: in ɗaya ya nutse ƙasa ya fi ɗan'uwansa gajarta, na'urarsa ta riga ta tashi, wato motar ta yi hatsari, kuma ba ta tashi sau biyu. Ka goga farin ƙyalle a fatar, wasu man takalmi suke shafawa su rufe tsagewa, ranar farko da ka yi gumi farar shaddarka ta tafi. In daga motar Ingila aka ciro su, ka sani fasinjansu a hagu yake, sensan yana cikin kujerar da za ta zama taka ta direba. Kuma tunda taka ta 1997 ce, ka ɗauki hoton soket ɗin ƙarƙashin kujerarka ka je da shi, wayoyin farkon E36 da na ƙarshenta ba ɗaya ba ne. In makullan tsofaffin kujerunka lafiyarsu ƙalau, mayar da su kan sababbin, shi ya fi kwanciyar hankali.

Wajen ɗinki, kada ka yarda da baƙar leda. Na san ta fi kyau a hoto. Ka ajiye motar a buɗe minti goma a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka dawo ka zauna, za ka tuna da ni. Ni yadi mai kauri na sa a tsakiya, fata mai ruwan ƙasa a gefuna. Yadin nan mai laushi kamar karan-miski da ake yayi kuma ƙurar hunturu yake sha, mako guda ya koma launin hanya.

In duk da haka ranka na son sunan waje, to nemi Recaro ta gaske mai kwanciya, irin mai hannun naɗewa, tare da gindinta na E36 mai wurin ɗaura makullin bel. Su dai sun san kujera, a 1906 suka fara a Jamus, su ne ma suka riƙa ƙera wa Porsche bodi kafin su koma kujeru zalla a 1963. Sai dai samunta ta gaske a nan aiki ne, kuma jabunta ya fi na kowa yawa a kasuwa. Masu BMW E46 buɗaɗɗiya, wadda ta gaji E36, da masu Marsandi SL ƙirar R129 da ke karanta wannan, ku maganarku daban ce: bel ɗinku gaba ɗayansa a jikin kujera aka gina shi, in kun cire ta ba ku da inda za ku rataye shi.

Ranar da za ku ɗaura, ka sa a cire kan batir tukuna, yana cikin but, a jira kamar minti goma kafin a taɓa soket ɗin ƙarƙashin kujera, kuma kada a murɗa makulli sai an mayar da komai. Ka buɗe rumfa a ciro kujerun ta sama, ya fi sauƙi kuma ba za a karce maka ƙofa ba. Tunda kafet zai fito fili, ɗaga shi ka taɓa daɓen, tsofaffin buɗaɗɗun nan suna yoyo da damina ruwa ya kwanta a wurin ba ka sani ba. In kana son ganin bokitin da idonka kafin ka yanke shawara, biyo ta gida ranar Asabar. Ɗaya tana sito, ɗayar maigadi ya ɗora ta a kan bulo biyu a bakin get, ya ce shi ma tana sa masa ciwon baya.