Matuƙin Zero da matuƙin Hellcat, gefe da gefe

Ɗan uwa da ka tambaya wai in dai matuƙan jiragen yaƙin Japan gwanaye ne haka a Yaƙin Duniya na Biyu, me ya sa daga baya Amurkawa suka riƙa kakkaɓo su kamar fari, to bari in jera maka mutum biyu ka gani.

Na Japan yana cikin Mitsubishi Zero, jirgi shafal, ga saurin juyi ga dogon zango, a 1941 da farkon 1942 duk wanda ya tsaya kewaye da shi a sama ya shiga uku. Amma fa da ran matuƙi aka sayi rashin nauyin nan, babu ƙarfe a bayan kujerarsa da zai tare harsashi, tankin mai in ya huje sai gobara, rediyon ma shirme ne har wasu cire shi suke yi su koma nuni da hannu ta gilashi. Na Amurka a Hellcat, wanda ya shigo fage a 1943, injinsa ya kusan ninka na Zero ƙarfi, yana da sulke, tankinsa na toshe kansa in an harba, kuma ba ruwansa da kewaye, daga sama yake zubowa ya yi ɓarin wuta ya wuce.

Jarumta kam ba a magana. Saburo Sakai, wani matuƙin Zero na Japan, ya taso daga sansaninsu na Rabaul zuwa tsibirin Guadalcanal, kusan kilomita 1,000, ranar 7 ga Agusta 1942, aka harbe shi a kai, idon dama ya tafi, jini ya wanke masa fuska, a haka ya tuƙo sama da awa huɗu ya sauka da ransa.

Ni a ganina inda aka yi wa Japan illa ba jirgi ba ne, tsari ne. Amurka in matuƙi ya ƙware sai a mayar da shi gida ya koyar da sababbi, in ya faɗa teku jirgin ruwa mai nutso ko jirgin ceto ya je nemansa. Japan kuwa gwani yana bakin daga har sai ya mutu, ya tafi da iliminsa, ga man atisaye ya yi ƙaranci. Shi ya sa ranar 19 ga Yuni 1944 a tekun Filifin yaran Japan ne masu ɗanyen horo suka tarar da ƙwararrun Amurka, aka zubar musu da jirage sama da 300 a yini guda, kafin Oktoban shekarar ta ƙare an fara tura 'yan kamikaze, wato matuƙan ƙunar baƙin wake masu afka wa jiragen ruwan abokan gaba da jirginsu.