Baƙuwar kwandala: hoto ko sikeli?

Idan aka miƙo maka kwandala mai fuskar Sarki Edward na 8 na Birtaniya a Abuja, aka ce samfurin gwaji ce, hanya biyu gare ka.

Ka ɗauki hotonta ka bincika a Numista, shafin intanet na bayanan kwandaloli. Akwai sauri, sai dai hoto ba ya faɗin irin ƙarfe.

Ni na fi amincewa da sikelin masu zinari na Kasuwar Wuse: a auna nauyi da faɗi, sannan a tuntuɓi tarihi. Edward ya yi murabus a Disamban 1936. Kwabo, ɗari da aninin Afirka ta Yamma na shekarar, masu huji a tsakiya, sunansa kawai suke ɗauke da shi. Masu fuskarsa kuwa, galibi 'yan kasuwa ne suka buga daga baya don masu tarawa.