Kuroton da na sayo a wani mashtal nan Jidda

Wata uku kenan da na sayi kuroton, wata shukar ado, a wani mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, da ke kan hanyar Madina, riyal 35 har da tukunya. Ganyen ne ya ja ni, ja da rawaya da kore kamar an watsa fenti. Mai wurin yana da kirki gaskiya, ya ce min Hajiya kar ki ajiye ta gaban mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), asalinta Indunusiya da Malesiya ne tana son ɗumi da danshi, ni kuwa da taurin kai na kafa ta a falo daidai inda sanyin ke bugawa, kafin sati biyu ganye ya zube saura guda shida. Na maida ta bakin taga inda hasken safe ke shiga, ba na ba ta ruwa sai na tsoma yatsa na ji saman ƙasar ya bushe. Yanzu ta fara tofo.

Abu ɗaya ya ɓata min rai, bai faɗa min farin ruwan da ke fita in an karya ganyen yana sa ƙaiƙayi ba, autana ya taɓa shi, hannunsa ya yi ja. Sannan tukunyar ba ta da huji a ƙasa, sai da maigida ya huda min da ƙusa.